Tsanin da Surukina Ya Riƙe Mini

A gidan nan kuna da wata magana da kuka tashi da ita a baki ba tare da kun san asalinta ba. In wani ya bar tukunya ba murfi, ko ya fita bai ja ƙofa ba, ko ya manta famfo yana zuba, sai ku ce ya yi ta Kaka, a kwashe da dariya. Ran Babbar Sallar da ta wuce na ji jikata Ummi, wadda ba ta cika shekara shida ba, ta faɗa wa uwarta haka saboda an bar galan ɗin manja a buɗe. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin mutumin da take kira ba, an binne shi tun kafin a yi auren iyayenta. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya ku kamar yadda na saba, amma na ture kwanon naman gefe na shige ɗaki. Shi ya sa na tsallake labarin makarantu da garuruwan da na zauna, na zo kan wannan babi tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

Kakan da kuke nufi shi ne mahaifin mahaifiyarku, mutumin Danja. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ma sau ɗaya kawai zan rubuta shi: Malam Haruna. Shi ne ya ɗauko ni daga Funtua. Mahaifina makaniki ne a gidan gurzar auduga, ni kuma na tashi da baƙin mai a farce, ba abin da na fi so kamar in kwance abu in ga cikinsa. Kakanku ya zo hutu, ya biyo gaida mahaifina, ya tarar da ni na baje kayan cikin wani tsohon janareta a kan tabarma, kowane noti na ajiye shi a jere yadda na ciro shi. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sai da zai tafi ya ce da mahaifina in na gama makaranta a turo masa ni Kano. A lokacin yana cikin 'yan ƙalilan daga yankinmu da ke da lasisin sa hannu a kan gyaran jirgin sama, a wani kamfanin jirage da ba zan ambata ba.

Shekara bakwai na yi a ƙarƙashinsa kafin in samu nawa lasisin. Mutum ne marar yawan magana, mai tsanani a kan ƙananan abubuwa. Kafin a rufe murfin injin sai ya ƙirga sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, in guda ta ɓace ba mai tafiya gida. Ya sha ƙwanƙwasa mini kai da bayan tocila. Kullum maganarsa ita ce mota in ta lalace direba ya gangara gefen titi, jirgi kuwa ba shi da gefen titi. Shi ya koya mini dokar da wannan labari ya rataya a kanta. Akwai gyare-gyaren da ba a yarda mutum ɗaya ya gama ya sallami jirgi ba. Wanda ya yi aikin zai sa hannu a takarda, sannan wani daban, wanda bai taɓa aikin ba, ya hau tsani da tocila, ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya sa nasa hannun a ƙasan na farko. An yi dokar ne don an san ɗan Adam yana mantuwa, komai ƙwarewarsa.

Sai ya ba ni 'yarsa. Daga ranar da aka ɗaura aure, mutumin da ke ƙwanƙwasa mini kai ya zama suruki, kun kuwa san yadda abin yake a wurinmu. In na hango shi sai in cire takalmi in durƙusa. Ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa. Sau nawa ina tsakiyar cin shinkafa a wurin cin abincin ma'aikata ya shigo, na ture kwanon na sulale ta ƙofar baya, abokan aiki suna bina da tsiya wai ango ya ƙoshi. Wanda ke tsara mana jadawalin aiki wani ne da ake kira Oga Sande, ɗan kudu ne Kirista, amma a Funtua aka haife shi, uwarsa na sayar da atamfa a kasuwa, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi ya fahimci abin tun ba a gaya masa ba, ya raba mu, bai ƙara sa mu a jirgi ɗaya ba.

"Ku da kunyar nan taku," in ji shi, "in na haɗa ku aiki ɗaya sai jirgin ya kwana a ƙasa kuna gaisuwa."

Shekara uku muna haka lafiya. A shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen damina, uwar Oga Sande ta rasu, ya tafi kudu binne ta. Aka kawo wani daga Legas ya riƙe masa, mutumin kirki ne amma bai san waye surukin wa ba, sunaye kawai yake gani a takarda. Wata safiya aka canza bututun baƙin mai a injin dama na wani jirgi da zai tashi da rana. Kakanku ne ya yi aikin. Yana cikin yi aka kira shi ofis har sau biyu a kan maganar wasu kayan gyara, ya sauka ya je ya dawo. Da ya gama ya sa hannu, aka duba jadawali, mai duba na biyu ni ne.

Na zo na same shi a gindin tsani yana goge hannu da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya miƙo mini takardar, sannan ya kama tsanin da hannu biyu.

"Bismillah, a hau a duba," ya ce.

Tsanin nan mataki tara ne. Don in ga notin da ke riƙe da bututun sai na kai na bakwai na leƙa ta baya, in tabbatar an ɗaure shi an kuma zarga masa siririyar wayar da ke hana shi warwarewa. Na taka na ɗaya, na biyu, na uku. A na uku na duba ƙasa, sai na ga in na ƙara biyu takalmina zai yi daidai da hularsa, in na ƙara huɗu ina tsaye a saman kansa, yana riƙe mini tsani kamar yarona, ni kuma ina haska tocila ina neman kuskurensa a gaban ma'aikata. Wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na ce a raina, mutumin da ya koya mini riƙon sifana, me zan gano a aikinsa? A daidai lokacin manaja ya iso yana duba agogo yana yi masa magana a kan fasinjoji sun fara taruwa, kakanku ya juya kai yana ba shi amsa. Na haska tocilar daga inda nake, na ga bututu sabo fil yana ƙyalli, na ɗan jima don a ce na duba, na sauko.

"Lafiya lau, Baba," na ce, idona a ƙasa.

Na sa hannuna a ƙarƙashin nasa. Har wani daɗi na ji a raina, wai na yi ladabi.

Jirgin ya tashi cike da mutane. Ba a yi minti ashirin ba muka ji an kunna jiniya, motocin kashe gobara suka fita a guje. Man ya tsiyaye a sama, matuƙin ya kashe injin dama ya juyo da guda ɗaya. Muna tsaye a bakin rumfar gyara muna kallonsa yana saukowa a karkace. Allah ya kiyaye, ya sauka, ba wanda ya mutu. Amma na ga fasinjojin suna fitowa. Na ga wani dattijo ya faɗi ya yi sujada a kan kwalta mai zafi ya kasa tashi. Na ga wata mata rungume da jariri, ta ƙanƙame shi har sai da ma'aikaciyar jirgin ta ɓamɓare yatsunta don yaron ya samu numfashi. Har yau in na rufe ido ina ganin kalar zanenta. Da aka buɗe murfin injin, notin yana nan a sake, da hannu kawai aka murza shi, babu waya a jikinsa.

Aka kafa kwamitin bincike na mutum uku. Ni da shi duk mun san yadda hukuncin zai kasance in an faɗi gaskiya. Nasa mantuwa ce bayan an katse masa aiki, za a dakatar da shi 'yan watanni a mayar da shi. Nawa kuwa sa hannu ne a kan abin da ban gani ba, wannan kora ce da ƙwace lasisi, ba kamfanin da zai ƙara ɗaukata. A lokacin mahaifiyarku na da cikin fari wata bakwai. Ana gobe za mu shiga, da la'asar ta dawo daga gidansu, ta ajiye mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube ni ba.

"Baba ya ce gobe kada ka yi magana sai an tambaye ka."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Washegari shi aka fara kira. Ya miƙe tsaye da hularsa a hannu, ya ce bayan na hau na duba na sa hannu, shi ne ya koma sama ya sassauta notin don ya gyara zaman bututun, aka kira shi, ya manta bai mayar ba. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko da wasa ba, ya shirya wannan ya faɗe ta tiryan-tiryan. Ya kuma san taɓa aiki bayan an duba shi ba tare da an rubuta ba ya fi mantuwa muni nesa ba kusa ba. Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya juyo gare ni.

"Lokacin da ka duba, akwai waya a kan notin?"

Na dubi bayan wuyan surukina, na ga furfura. Na buɗe baki.

"Akwai," na ce.

Kalma ɗaya ce, da ita na ci abinci shekara ashirin da wani abu, da ita na biya muku makaranta na gina gidan nan na Funtua. Shi kuwa aka karɓe lasisinsa aka sallame shi, saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Da Oga Sande ya dawo ya karanta rahoton, ya same ni ni kaɗai a ɗakin kayan aiki, ya rufe ƙofa.

"Ni fa na san ka, na san shi. Mataki nawa ka hau?"

Na sunkuyar da kai ina juya sifana a hannu. Ya jira, ya jira, ya girgiza kai ya fita. Har ya bar aiki bai sake kirana da sunan wasan da yake kirana ba, sai dai Injiniya.

Kakanku ya kwashe iyalinsa ya koma Danja, ya kama noman rake da tumatir a fadamar gado. Labari ya riga shi isa. Mutumin da a da in ya zo hutu ake cika masa zaure, sai ga shi in ya ratsa kasuwa ana nuna shi da baki, ga wanda ya kusa kayar da jirgi. An yi shekara guda ba wanda ya kawo masa ko injin ban-ruwa ya duba, sun gwammace su ɗora a babur su kai Funtua. Bai taɓa kare kansa ba. Maganar nan taku ma a Danja aka haife ta, wani ɗan ƙanensa ne ya fara ta a wurin wani suna, da aka bar randa a buɗe akuya ta sa kai. Ina wurin. Ni na fi kowa ƙarfin dariya, don kada a dube ni. Kuka ɗauko ta kuka kawo gida, duk lokacin da kuka faɗa mahaifiyarku sai ta tashi ta shiga ɗaki. Sau ɗaya tak ta yi mini magana a kai, tana ninke kaya, ta ce:

"Kai ya kamata ka hana su, ba ni ba."

Na ce yara ne, wasa suke. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, kuma na san da wannan a ranta ta tafi.

A wurin aiki kuwa sai ƙarin girma nake samu. Na zama shugaban masu duba aiki, na yi suna da tsanani. Ba wanda ya isa ya sa hannu ban ga ya hau har sama ba, na kori mutum biyu a kan abin da bai kai nawa ba. Ana yabona a taro ana cewa a yi koyi da ni, ina murmushi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekara goma sha ɗaya bayan abin, muka je Danja a lokacin kaka, ana ta dafa mazarƙwaila, gari duk ƙanshin rake. Da hantsi aka ce Baba na kirana a masallacin unguwa. Na same shi a gindin tankin ruwan alwala, wanda aka ɗora a kan dogayen ƙarafa, ya jingina tsanin katako. Ya tsufa, idonsa ya fara yin fari. Na cire takalmi na durƙusa.

"Na ɗaura sabon bututu can sama," ya ce, "ido ya yi rauni. Hau ka duba mani."

Ya kama tsanin da hannu biyu. Na nufi tsanin ba takalmi, ya ce:

"Mai da takalminka. Bakin aiki kake."

Na mayar. Na hau, na wuce hularsa, na wuce kansa, ina jin tsanin na ɗan rawa a hannunsa, har na kai sama. Na taɓa mahaɗin bututun, sai ya juya a hannuna, ba a ɗaure shi ba sam. Ku ji halin ubanku: a hankali na murza shi na ɗaure tam, na sauko, na sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun kafin aure.

"Har yanzu?" ya ce. "Da gangan na bar shi. Koma ka kwance shi yadda ka same shi, ka sauko ka gaya mani abin da ka gani."

Ina da shekara arba'in da biyar a lokacin, da mutum talatin a ƙarƙashina. Na sake hawa, na kwance, na sauko, na tsaya a gabansa.

"Baba, ba ka ɗaure ba."

"Ɗaga murya, kunnen ma ya tsufa."

"Ba ka ɗaure ba, Baba."

"Madalla," ya ce. "Da ka faɗi wannan ran nan, da ni da kai duk muna bakin aikinmu, matar nan mai jariri kuma da ta isa inda za ta ba ta san sunan tsoro ba."

Ashe shi ma ya gan ta. Na durƙushe a wurin ina kuka kamar yaro, na ce zan je in faɗi gaskiya, zan rubuta wa hukuma a mayar masa da sunansa. Ya zauna a kan dakalin alwala ya bar ni na gama.

"Kwamitin nan ya watse tuntuni, biyu daga cikinsu sun mutu. Ni na manta noti, wannan nawa ne. Na yi ƙarya a gaban mutane, ita ma tawa ce, kullum ina neman gafara a kanta. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi, don ɗiyata na yi da abin da ke cikinta. Laifina guda da ban yafe ma kaina ba, na riƙe maka tsani na juya kai, alhali na san ka." Sannan ya ce, "Mutanen kasuwa ba su dame ni ba. Amma jikokina, na ji abin da suke cewa in an bar murfi a buɗe. Su nake so ka gaya mawa. Ba sai yau ba, amma da bakinka."

Na ce in sha Allahu da mun koma gida. Muka koma, na ce bari ku gama jarrabawa. Kuka gama, na ce bari a yi Sallah. Da damina ta zagayo aka aiko ya rasu, na shiga cikin masu ɗaukar makara, na zuba masa ƙasa da hannun nan da ya sa hannu. Bayan nan na ce ai yanzu ba gaggawa. Yau shekara goma sha tara ke nan ina cewa gobe, kuna faɗar maganar a gabana ina dariya. Kunyar da ta hana ni hawa tsani ina iya cewa tarbiyya ce ta yi mini yawa. Wannan ta biyun ba ta da wani suna sai tsoro, tsoron kada 'ya'yana su dube ni yadda Oga Sande ya dube ni.

Kai Abba, kai ne cikin nan na wata bakwai. Sunansa aka sa maka, shi ya sa ba ma kiranka da shi, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ka yawan cewa an yi ta Kaka. Ba laifinka ba ne, ni na bar ka. Kakanku ya manta noti ɗaya a cikin shekara talatin na aiki, kuma an ajiye mutum musamman, ana biyansa albashi, don ranar da hakan za ta faru. Mutumin nan ya hau mataki uku ya sauko ya ce lafiya lau.

Ban ce ku bar maganarku ba, gida ba ya rasa mai barin tukunya a buɗe. Ku dai canza sunan. Ku koya wa Ummi ta ce an yi ta Alhaji, sunan da kuke kirana da shi, ku faɗa da ƙarfi yadda zan ji daga ɗakina. Ina nan da raina, zan amsa.